Shirun da Ke Ciyar da Fatalwa



A ɗakin kwana mun sha tsorata juna da labarin fatalwa. Sai da na karanta Beloved, littafin Toni Morrison na 1987, na gane inda tsoron yake. Tushensa labarin Margaret Garner ne, baiwar da ta kashe 'yarta a Amurka a 1856 don kada a mayar da ita cikin bauta. A littafin, ruhin yarinyar ya addabi gidan, uwar kuwa ta ƙi buɗe baki ta faɗi damuwarta. Wannan shirun ne ya cinye ta.

Don haka mu riƙa ambaton 'yan ajinmu da suka rasu, mu ziyarci iyalansu. Allah ya jiƙansu.