IDAN SANDAR FATSA TA KARYE, A YI MATA ƊORI

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, waɗanda yawancinsu masunta ne daga ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa ɗan'uwansa da bai iya ba tukuna.

Maganar yau a kan sandar fatsa ce.

Allah ya albarkaci wannan yanki da ruwa. Gulbin Zamfara ya biyo ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya nufi Jega. A ƙasar Tambuwal kuma ga tafkin Romo da fadamu. Manyan masunta suna da taru da kalli da birgi da mamari. Amma mai ƙaramin ƙarfi, da manomin da ke neman na miya bayan ya taso daga gona, fatsa ce madogararsu. Ranar da sanda ta karye, musamman bayan damina lokacin da ruwa ke janyewa kifi yana ci, ranar nan tukunyar gidan lami za ta kwana.

A da, gora ake sarowa a yi sanda. Yanzu samari sun fi son ta kanti, wadda aka yi da zaren gilashi, mai shiga cikin juna kamar eriyar rediyo. Ba ta da nauyi, tana lanƙwasa ta miƙe. Amma cikinta rami ne kamar sarewa, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Sau da yawa ba kifi ne ke karya ta ba. Wani ya taka ta a cikin jirgi, wani ya ɗaure ta a keke ta bugi bango, ta tsage ba a sani ba. Wani kuma tarwaɗa ta ci, maimakon ya jawo ta gefe a hankali, sai ya miƙe sandar tsaye ya ɗaga kifin sama. Nan take tsinin ya ce ƙas.

Akwai gyara iri biyu da aka saba yi, kuma duka ɓata lokaci ne. Na farko, a cusa ƙusa a ramin, a naɗe da robar tayar keke. Ƙusa ba ta lanƙwasa. Idan kifi ya ja, sanda ta lanƙwasa, ƙusa ta ƙi, sai bakinta ya huda sandar daga ciki, karaya ɗaya ta zama biyu. Na biyu, a ɗiga gam ɗin nan mai kama yatsa nan take. Shi kuwa idan ya bushe kamar kwalba yake, da ya sha ruwa da rana sai ya farfashe.

Gyaran ƙwarai irin na mai ɗori ne. Mai ɗori yakan haɗa ƙashi baki da baki, ya kewaye shi da karare, ya ɗaure. Haka ake yi wa sanda, sai dai a nan kube ake zura mata, wato gutsuren bututu da zai rungume bakunan biyu, kamar yadda kube ke rungume wuƙa.

Da me za a yi kuben? Nan ne gizo ke saƙar. Abin da ya fi kyau shi ne gutsuren wata tsohuwar sandar fatsa da ta riga ta mutu, domin jininsu ɗaya, tare za su lanƙwasa. Saboda haka kada a bar yara su yi wasan doki da karyayyar sanda, a ajiye ta a rufin ɗaki. Bututun ƙarfe ko na sanholo yana da aibin da ƙusa take da shi, bai kamata a sa shi ba sai can gindi wajen mariƙi, inda sanda ba ta lanƙwasa. Kuma a tuna, sanda tana da kauri a gindi, tana sirancewa zuwa tsini. Dole kube ya bi wannan tsari, bakinsa mai faɗi ya dubi gindi. A zura shi ta tsini a gangaro da shi har ya zauna daram a kan karayar. Idan yana rawa, a nemi wani, gam ba ya cike gurbin ƙwarya da ba ta dace da murfinta ba.

Tsawon kube ya danganta da wurin karaya. Kusa da tsini, inci 2 ya isa, wato inci 1 a kowane gefe. A tsakiya inci 3 ko 4. A gindi kuwa inci 5 ko 6, har ma a ƙara wani siririn gutsure ta ciki. Wanda ya zuba tsawo don neman ƙarfi, sandarsa za ta sandare a wurin kamar gwiwar tsoho.

Kafin a shafa gam, a yanke bakunan da suka tsattsage da zarto mai ƙananan haƙora. A fara naɗa salatif a wurin don kada tsagar ta ci gaba. A kiyayi ƙaiƙayinsa, yana shiga fata, kuma kada a hura shi da baki ya faɗa ido. Sai a goge wurin da samfefa har ƙyallin ya dushe, a feƙe bakunan kuben su yi siriri, a share ƙura da tsumma mai tsabta. Maiƙon kifi da ke hannu yana hana gam kamawa, don haka a wanke hannu da sabulu.

Gam ɗin da ake so shi ne mai kwanso biyu, irin su Araldite. A matso daidai wa daida, a cuɗa sosai a inuwa, domin zafin bazara yana sa shi daskarewa da wuri. Mai jinkirin bushewa ya fi mai minti 5 ƙarko. A shafa a bakunan biyu, a zuro kube ana murzawa, a runtse ido ɗaya a hangi sandar daga gindi a tabbata ta miƙe. Daga nan a ɗauko zaren nailan siriri, irin na gyaran kalli, a naɗa a bakunan kuben, zare kusa da zare, har ya zarce kan sandar da rabin inci. A shafe zaren da gam kaɗan. Wannan naɗin shi ke hana kube tsagewa, kuma shi ne masu gaggawa ke tsallakewa. A kwantar da ita a inuwa awa 24. Sauri ya haifi nawa.

Gaskiya guda: gaɓar da aka sa wa kube ba za ta ƙara shigewa cikin 'yar'uwarta ba. Sai a haƙura a riƙa ɗaukar ta da ɗan tsawonta.

Mai sandar gora aikinsa ya fi sauƙi. Ya feƙe bakunan biyu a karkace irin fiƙar alƙalami, ya haɗa su, ya zura gaɓar gora mai ɗan faɗi, ya naɗe da zare. Itacen homa ma, irin wadda ake shiga ruwa da ita a bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, da fiƙa da naɗi ake ɗora shi.

Ba kowace karaya ake ɗorawa ba. Idan tsinin ne ya gutsure kamar yatsa biyu, a daidaita bakin a mayar da zare kawai. Idan kuma sanda ta tsage a tsaye fiye da taƙi guda, ta zama ta yankan kube. Sannan akwai baƙar sanda marar nauyi da ake yi da zaren gawayi. Ita wannan wutar lantarki tana bi ta cikinta, kada a ɗaga ta ƙarƙashin waya, kuma da an ga walƙiya a kwantar da ita.

Kafin a koma ruwa, a ɗaure zaren a gindin itace, a ja a hankali ana kasa kunne. Idan an ji ƙara, a sake aiki. A zama na gaba kowa ya zo da karyayyar sandarsa da ɗan zare, za a yi ɗorin a gaban kowa.