Murhun Cikin Jiki da Ciwon Lufus

Uwargida, ɗan rage wutar girkin nan ki matso kusa, don yau ma zancen murhu za mu yi, amma murhun da ke cikin jikinki.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya, ɗaruruwa, a wata ƙwayar ma har dubbai. Su ne murhun. Tuwon da kika ci da iskar da kika shaƙa, a nan ake haɗa su a fitar da ƙarfin da kike daka da shi, kike goyo da shi. Kuma wajen uwa ake gadonsu. Naki na mahaifiyarki ne, nata na kakarki ne. Na uba ba sa wucewa zuwa ga ɗa.

To, ina ruwan murhu da garkuwar jiki? A 1967 wata masaniya 'yar Amurka, Lynn Margulis, ta kawo hujjojin cewa asalin mitokondiriya ƙwayoyin bakteriya ne da suka shiga cikin wata ƙwaya tun fil azal, suka zauna, suka zama 'yan gida. An daɗe ana musu da ita, amma yau masana sun yarda. Shaida kuwa, har yanzu mitokondiriya na da nata kundin gado, wato DNA, daban da na sauran ƙwayar, kuma a zagaye yake kamar zobe, irin na bakteriya. Kamar dai amaryar da aka kawo daga wani gari ce, ta tsufa a gidan, ta yi jikoki, amma harshen garinsu bai bar bakinta ba. In tana ɗakinta babu mai tanka mata. In kuwa maigadi ya ji wannan harshe a zaure da tsakar dare, sai ya ɗauka baƙo ne ya haura.

Cikin lafiya, mitokondiriya ma taimakon garkuwa take yi. A 2005 masu bincike suka gano cewa a bayanta akwai wani sinadari da ke yin kururuwa idan ƙwayar bairos ta shigo, sai jiki ya saki abin da ake kira intaferon, wanda shi ne yekuwar da ke tara sojojin jiki. Matsala tana tasowa ne idan murhun ya lalace, DNA ɗinsa ya zubo waje, ba a kwashe da wuri ba. Sai a yi ta yekuwa alhali babu ɓarawo, sojoji su fito su far wa 'yan gida.

Wannan na daga cikin abin da ke faruwa a ciwon lufus, kuma shi ya sa na kawo maganar nan filinmu, domin cikin masu lufus goma, kusan tara mata ne, akasari a shekarun haihuwa, kuma ya fi tsanani ga baƙar fata. A 2016 bincike ya nuna cewa wasu fararen ƙwayoyin jinin masu lufus suna watso lalataccen DNA na mitokondiriya, shi kuma yana ƙara hura wutar intaferon. A 2021 aka sake gano wani abin mamaki. Jajayen ƙwayoyin jini kan zubar da mitokondiriyarsu kafin su nuna, amma a jinin wasu yara masu lufus an same su riƙe da ita, kuma idan sojojin jiki suka haɗiye su sai yekuwar ta tashi. Akwai ma wani ciwon hanta da ya fi kama mata manya, mai zuwa da ƙaiƙayi da kasala, wanda fiye da 90 cikin 100 na masu shi ana samun garkuwarsu ta ƙera makami a kan mitokondiriya kanta.

Sai dai a kula, kada wata ta ji an ce wajen uwa ake gadon mitokondiriya ta ce ashe uwa ce ta shafa wa 'yarta lufus. A'a. Abubuwa da yawa ne ke haɗuwa: gado daga uwa da uba duka, sinadaran jikin mace, hasken rana, wani lokaci da wata cuta da ta wuce. Kuma ba a ɗaukarsa, ba ta kwano ba, ba ta shimfiɗa ba. Ba dalilin ƙyamar mace ba ne, balle a kai ga saki.

Yanzu ga abin da za ki lura da shi. Gajiya wadda barci ba ya maganinta, ciwon gaɓoɓi musamman yatsu da wuyan hannu, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zubewar gashi, gyambon baki, ƙuraje ko tabo a kumatu da karan hanci da ke tashi in an sha rana, kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa. A wajenmu sai a sha maganin maleriya, a sha na taifot, a sake sha, daga nan a ce jifa ne ko iska. Ana wannan yawo ƙoda tana lalacewa shiru. In gwaji ya nuna babu maleriya amma zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi sun ƙi tafiya, ki je babban asibiti ki roƙi a duba fitsari a kuma yi gwajin jini na garkuwa.

Kuma don Allah a yi hattara da masu tallar maganin ƙara ƙarfin garkuwa. Mai lufus ba rashin sojoji ke damunta ba, sojojin ne suka rikice. Wa yake ƙara wa gobara kananzir? Babban maganin da likitoci ke dogara da shi shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, amma kada ki saya wa kanki a kemis, don mai shansa sai ana duba idonta lokaci-lokaci. A 2021 Amurka ta amince da wata allura, anifrolumab, mai toshe kunnen jiki daga yekuwar intaferon, sai dai tana da tsada ƙwarai.

Mai lufus tana aure, tana haihuwa. Abin da likitoci ke so shi ne ciwon ya lafa kamar wata shida kafin a ɗauki ciki, kuma kada ta daina magani da kanta don ta ga ɓatan wata. In za ta fita da rana, ta rufe jikinta, ta riƙe lema.