JIGAWAR BAKIN DAJIN RUGU: HALINTA DA ABIN DA TA DACE DA SHI

Jawabi ga hakimai da magatakardansu, musamman na ƙasar Safana da Batsari

Maganar yau a kan ƙasa ce, watau jigawar nan ta wajen Tsaskiya da Runka da ƙasar Ruma, wadda ta miƙe har cikin Dajin Rugu, kan iyakar Zamfara. Ko da ya ke tun Dokar Ƙasa ta 1978 ikon ba da filin noma a karkara yana hannun ƙaramar hukuma, talaka mai neman sabuwar gona ƙofar dagaci da ta hakimi ya kan fara zuwa. Saboda haka wajibi ne hakimi ya san halin ƙasar da za a nemi shawararsa a kanta.

ASALINTA DA HALINTA

Ƙarƙashin ƙasar nan dutse ne, irin wanda a ke gani ya ɓullo nan da can a ƙasar Safana. Rairayin da ke bisansa, wani daga ruɓewar dutsen ya samu, wani kuwa iska ce ta kwaso shi daga arewa, dubban shekaru da suka wuce, sa'ad da hamada ta matso kudu. Shi ya sa zurfinsa ba ɗaya ba ne. Wani wuri sai a haƙa tsawon mutum ba a tarad da kome ba, wani wuri kuwa ƙafa ɗaya sai marmara.

Jigawa tana da kirkinta. Ba ta wahalad da mai fartanya, ba ta riƙe ruwa har shuka ta ruɓe, ruwan fari kaɗan ya ishe ta shuka. Amma tana da aibu uku. Na ɗaya, ƙwayar rairayi babba ce, ruwa ya kan zarce ƙasa kamar an zuba shi a rariya, fari na mako biyu sai gero ya fara naɗe ganye. Na biyu, ruwan nan ba shi kaɗai ya ke tafiya ba, ya kan tafi da abincin shuka. Na uku, ba ta da danƙo. In ta zauna tsirara, iskar farkon damina ta kan ɗebe ta ta binne tsiro, ruwa kuwa ya yanke ta ya bar kwazazzabai.

INDA ALBARKAR DAJI TA KE

Mutum ya kan ga marke da ƙirya sun yi duhu, ya ce lalle ƙasar da ta ɗauki waɗannan za ta cika rumbu. A nan ne kuskuren ya ke. Itace yana aika saiwarsa can ƙasa, ya jawo abincin da ruwa ya tafi da shi, ya mai da shi ganye. Ganyen ya zuba, gara ta ci, ya zama baƙin nan na saman ƙasa, wanda kaurinsa bai wuce 'yan inci kaɗan ba. A irin wannan jigawa ruɓaɓɓen ganyen nan sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. Ke nan dukiyar tana jikin itacen ne, rairayin wurin ajiya ne kawai. In aka sare aka ƙone, tokar za ta ba da amfani shekara biyu ko uku. Daga nan sai zangarniya ta ƙanƙance, ƙuduji da ƙarangiya su bayyana, mai gona ya koma neman wani dajin.

Haka halin rairayi ya ke ko a bakin teku, inda ruwan sama ya fi na nan nesa ba kusa ba. A Badagiri ta jihar Legas kwakwa ce ta fi karɓar rairayin gaɓa. A Faransa kuwa, a ƙasar Landes, doka aka yi a 1857 ta tilasta wa garuruwa dasa itatuwa a rairayinsu.

RABE-RABEN ƘASA

Kafin a ce a sare wuri, sai a tafi da malamin gona da malamin daji a haƙa rami ƙafa uku, a jiƙa ƙasar a dunƙula a hannu.

1. In rairayin yana da zurfi, wurin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasar ƙasan ramin kuma ta dunƙulu, to, wannan gona ce. Gero da wake da gyaɗa da riɗi sun dace da ita, muddin ana kai taki, ana kuma juya shuka. Takin zamani a riƙa sa shi kaɗan-kaɗan, gama in an zuba gaba ɗaya ruwa zai raba mai shi da kuɗinsa.

2. In ƙasar ta watse a hannu tun daga sama har ƙasan ramin, ko kuwa wurin gangare ne, wannan makiyaya ce. A bar mata gamba da sabara da kalgo su riƙe ta.

3. In aka tarad da marmara ko dutse kusa, ko wurin faƙo ne, ko bakin rafi, ko gindin dutse, wannan ta daji ce, kada gatari ya taɓa ta.

4. Fadama mai laka ita ce ta dawa da shinkafa da lambu, amma a bar wa dabbobi hanyar mashaya.

DARASI DAGA MARAƊI

Jigawar Maraɗi ta fi ta nan ƙarancin ruwa. Bayan farin 1984 manoma da yawa can suka bar tumɓuke kututture. Sai su zaɓi tohon da ya fi ƙarfi su bar shi, su sassabe sauran, abin da su ke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa sun komo a fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ne sarkinsu, don da damina ya ke kaɗe ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI

Daga wajen 2019 rashin zaman lafiya ya hana noman gonaki da yawa na bakin Rugu, saura ta yi toho. Duk inda mutane suka koma gonakinsu, a gargaɗe su kada su yi wa tohon nan aski kwal, su bar na bari. A tuna kuma Dokar Makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 an yi ta ne don a keɓe wa dabbobi wurinsu. Gonar da aka yanka cikin makiyaya ko burtali, amfaninta na shekara uku ne, husumarta kuwa sai ta kai jikoki.

Magatakarda su buɗe littafi. Kowane fili da aka nema a rubuta inda ya ke, da faɗinsa, da zurfin ƙasarsa, da manyan itatuwan da ke ciki, da nisansa daga burtali da iyakar gandun daji. Wanda aka hana shi, a gaya masa dalili a gaban dagacinsa. Rigakafi ya fi magani, gama gatari na kwana ɗaya ya kan rushe abin da daji ya shekara hamsin yana tarawa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunad da ƙasa lafiya. Amin.