FALSAFAR MUTANEN DAURI: MU MA MUNA DA GADO A CIKI

Jawabin da kwamitin ilmi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Sabo, Badun

  

Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu, kwanan baya wani dattijo ya same mu ransa a ɓace. Ɗansa ya nemi karatun lauya, maki bai kai ba, sai ya samu gurbi a sashen da ake nazarin harshe da tarihi da falsafar Girkawa da Rumawan dauri, abin da Turawa ke kira Kilasik. Dattijon ya ce mana, "Malam, su wane ne kuma Girkawa? Wannan ai ilmin Nasara ne tsantsa. Kuma in ya gama, me zai ci?" Tambayoyin nan biyu suna da nauyi, kuma mun san ba shi kaɗai ke yin su ba. To, su za mu amsa yau, iyakar saninmu.

Mu fara da ta farko. Dattijon yana da hujja. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, a ƙarƙashin Jami'ar Landan take, har zuwa 1962, kuma wannan sashe yana cikin na farko-farko. A wancan zamani Bature yana ɗaukar Girkanci da Latinanci a matsayin ma'aunin wayewa. Yakan nuna Sukurat da Aflaton da Aristo ya ce, ga kakannina, ina naku? Wani babban masanin falsafa na Jamus, Hegel, har cewa ya yi Afirka ba ta da gurbi a tarihin duniya. Saboda haka wanda ya ji warin mulkin mallaka a jikin wannan ilmi, hancinsa lafiya lau yake.

Amma fa jama'a, don wani ya ɗauki kaya ya rubuta sunansa a kai, bai sa kayan sun zama nasa ba. Bari mu bi salsalar abin. Duk wanda ya zauna a zauren malam a cikinmu ya san littafin Ahalari. To, mai littafin nan, Shehu Abdurrahman Al'ahdari, mutumin Aljeriya, shi ne kuma ya tsara waƙen Sullam a kan ilmin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja, a shekara ta 941 Hijira. Sullam ya bi sawun wani ɗan littafi na Al'abhari mai suna Isaguji. Kalmar Isaguji kuwa Girkanci ce, ma'anarta gabatarwa, sunan littafin da Farfuriyus mutumin birnin Sur na ƙasar Labanan ya rubuta don share wa ɗalibi hanyar shiga manɗiƙin Aristo. Malamin Farfuriyus, wato Filotinus, haifaffen Masar ne. Ashe ke nan Aristo ya daɗe da shiga zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato, a kan raƙumi ya zo, tun Bature bai san hanyar Kwara ba.

Yaya aka yi haka? A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, musamman lokacin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, aka duƙufa wajen juya littattafan Girkawa zuwa Larabci. Babban gwanin aikin, Hunainu ɗan Is'haƙa, Kirista ne. Daga nan aka samu su Alkindi, da Alfarabi wanda ake wa laƙabi da Malami na Biyu, wato bayan Aristo, da Ibn Sina, da Ibn Rushdi na Andalus wanda ya rasu a 1198. Sharhin Ibn Rushdi ne aka juya zuwa Latinanci, jami'o'in Turai suka shekara ɗaruruwa suna karanta Aristo da shi.

Ba mu ce malamai duk sun yarda da falsafa ba. Imam Gazali ya yi littafi sukutum yana rushe wasu maganganun masu falsafa, amma sai da ya karance ta tas tukuna, kuma ya riƙe manɗiƙi bai yar ba. Shehu Suyuɗi ya hana karatun manɗiƙi, shi kuwa Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya mayar masa da martani a waƙe yana kare shi. A Sakkwato ma, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa. Wannan muhawara tamu ce, a gidanmu aka yi ta.

To, a nan ne maganar fid da wannan ilmi daga ƙangin mulkin mallaka ta shigo, wadda ake ta yi yau a jami'o'in duniya. Wasu sun ɗauka nufinta a tattara littattafan a zuba a shara. Mu dai a fahimtarmu aiki uku ne.

Na ɗaya, a gyara labarin. Duniyar Girkawa da Rumawa ta haɗa da Masar da Libiya da Tunisiya da Aljeriya. Agustin, wanda Turai ke ji da shi, a Aljeriya ta yau aka haife shi a 354. Haifatiya, mace mai koyar da lissafi da falsafa, 'yar Iskandariya ce. Malaman Badun sun fara wannan gyara tun da wuri: a 1969 John Ferguson da Lloyd Thompson suka fito da littafi a kan matsayin Afirka a waccan tsohuwar duniya.

Na biyu, a ajiye hikimarmu kafaɗa da kafaɗa da tasu. Maƙwabtanmu Yarbawa sun riga mu. Marigayiya Farfesa Sophie Oluwole, wadda ta samu digirin digirgir a falsafa a nan Badun a 1984, ta gwada Sukurat da Orunmila na gargajiyarsu a littafi guda. Mu fa? A 1974 wani Bature, Kirk-Greene, ya wallafa nazari a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya jero gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da sauransu. Shi kuwa Aristo, a littafinsa na kyawawan ɗabi'u, ya ce kunya ta fi dacewa da yaro, domin dattijon kirki bai kamata ya aikata abin da zai ji wa kunya ba tun farko. A wurinmu kuwa, dattijon da aka ce ba shi da kunya ya gama lalacewa. Wa ya fi gaskiya? Ko kuwa ba abu ɗaya muke kira kunya ba? Ga aikin digiri nan a zube, yana jiran yaron da ya sha Hausa a nono kuma ya iya Girkanci.

Na uku, a guji rama ƙarya da ƙarya. Akwai masu cewa Girkawa sato komai suka yi daga Masar. Littafin Martin Bernal na 1987, Black Athena, ya tayar da ƙura sosai a kan bashin da Girka ta ci daga Masar da Gabas, ya fallasa son zuciyar wasu masanan Turai, amma kuma masana da dama sun nuna ya zarce hujjarsa a wurare. Mai neman gaskiya sai ya tsaya inda shaida ta tsaya.

Yanzu sai tambaya ta biyu, maganar tuwo. Ba za mu yi muku daɗin baki ba. Wanda zai zama malamin jami'a a wannan fanni, hanyarsa doguwa ce: shekara 4 na digirin farko, shekara guda ta bautar ƙasa, sai digiri na biyu, sai na digirgir wanda kan ci shekara 3 ko fiye. Bayan nan ya fara hawa daga ƙaramin malami zuwa babban malami har zuwa farfesa, kuma kowane mataki sai da rubutun da wasu masana suka tace. Guraben aiki kaɗan ne, albashi ba na yin arziki ba ne, ga yajin aiki, irin na 2022 da ya ci wata 8. Dole ya iya Girkanci da Latinanci, ya taɓa Jamusanci ko Faransanci.

Sai dai kuma ɗanmu yana da jarin da da yawa ba su da shi, wato Larabci. Akwai littattafan Girkawa da asalinsu ya ɓace, sai a fassarar Larabci kaɗai suka tsira. Wanda ya haɗa Girkanci da Larabci ba shi da yawa ko a Turai. Yaron da ya taso da allo, ya yi nahawu, ya ci rabin hanya. Kuma ba lalle sai ya ƙare a aji ba. Cif Emeka Anyaoku wannan fanni ya karanta a Badun, ya zama babban sakataren ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila daga 1990 zuwa 2000. Marigayi Bola Ige ma nan ya fara, kafin ya zama lauya ya kuma zama gwamnan tsohuwar Jihar Oyo.

Jama'a, an kafa unguwar nan ta Sabo tun 1916. A 1969 wani masani, Abner Cohen, ya buga littafi a kanmu, a kan cinikinmu na goro da shanu da yadda muke zaune, ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mu aka nazarta, wasu suka samu digiri. Jami'ar nan kuwa kuɗin mota ɗaya ne daga ƙofar gidajenmu. Har yaushe za mu zauna a riƙa ba da labarinmu muna saurare?

Shawararmu uku ce. Iyaye, in yaro ko yarinya ta kawo takardar shiga irin wannan sashe, kada a yanke hukunci sai an zo an tambayi kwamiti. Malamanmu na zaure, a farfaɗo da karatun Sullam ga ɗaliban da suka yi nisa. Ƙungiya kuma, cikin tallafin karatu da muke bayarwa, a ware ko da gurbi ɗaya ga mai karatun tarihi ko falsafa ko harsuna. Shi kuwa dattijonmu, mun roƙe shi ya bar yaron ya je ya gwada, mu kuma mun ɗauki alkawarin sa ido a kansa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya yi wa zuriyarmu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.