Halin Kyanwoyi Da Tsaron Rumbu

 Tun nunin kyanwoyi da aka yi a Landan cikin 1871 Turawa suka himmatu ga rarrabe su iri-iri. Kyanwar Siyam, watau Tailan, ga wayo ga yawan kuka, ba ta jure kaɗaici. Ta Farisa kuwa sanyin hali gare ta, gashi buzu-buzu, zafi na wahalshe ta. Amma mu ɓeraye ne damuwarmu, a nan kuwa tamu ta gida ta wadatar, muddin ta koyi farauta wurin uwarta. Saboda haka ku gargaɗi talakawa kada su raba su da wuri. Sa'an nan wadda ba ta saba da hannun mutum kafin mako 7 ba, da wuya ta sake jiki daga baya.