Bariyam Feroksaid: Sinadarin da ke Ajiye Iskar Oksijin

Takardar da aka gabatar a taron malaman kimiyya na yankin Bodinga da Shagari, a Horo Birni



Gabatarwa

Bariyam feroksaid, wato BaO2, gari ne fari mai ratsin toka. Yawancin amfaninsa da wani ɓangare na haɗarinsa daga hali guda suka fito: yana riƙe da iskar oksijin, in zafi ya ƙaru ya sake ta. Rumbu ne da ake zuba wa oksijin, a ɗebo ranar buƙata.

Yadda ake haɗa shi

Tushensa dutsen barait ne, mai nauyin gaske, wanda ake haƙowa a Azara ta jihar Nasarawa da sassan Binuwai da Kuros Riba. Akan gasa shi da gawayi, a bi wasu matakai har a samu bariyam oksaid. In aka ɗumama wannan cikin iska a wajen digiri 500 na Salshiyas, sai ya sha oksijin ya koma feroksaid. Zafin na haura digiri 800, sai ya amayar da abin da ya sha. Sharaɗin dai a tace iskar tukuna, domin iskar kabon tana mai da garin kabonet, aikin ya tsaya cik.

Amfaninsa

A shekarun 1880 'yan'uwan nan biyu Faransawa, Arthur da Leon Brin, suka mai da wannan sha da amayarwa sana'a. Kamfanin da aka kafa a Ingila a 1886 kan dabararsu shi ya zama British Oxygen Company a 1906, lokacin da hanyar sanyaya iska har ta zama ruwa ta fara ture tasu.

Tun kafin su, a 1818, Louis Jacques Thénard ya zuba wa garin asid ya gano haidurojin feroksaid, ruwan nan na kemis da ke tashin kumfa in an ɗiga shi a kan rauni. Da asid ɗin salfa aka daɗe ana yin sa: bariyam salfet ya kwanta a gindin mazubi, a tsiyaye ruwan sama. Yau masana'antu sun sauya hanya, sai dai ana sa garin a wasan wuta don ya ba da kore, da kuma harsashi mai haska hanyarsa da dare.

Haɗari

Guba ne. Bariyam da ke narkewa a ciki yana rage fotashiyam na jini, gaɓoɓi su saki, bugun zuciya ya rikice. Amma bariyam salfet, da yake ba ya narkewa, shi ake ba majinyaci ya sha kafin hoton ciki. Haka nan kada a ajiye feroksaid kusa da mai, gawayi ko tsumma, domin shi ke ciyar da wuta.

Kammalawa

Shawarata biyu ce. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji kada ta nemi wannan gari. Haidurojin feroksaid na kemis da ɗan yankan ɗanyar hanta sun isa ɗalibi ya ga oksijin na fita da idonsa. Sannan mu nemi Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su taimaka wa makarantunmu da samfurin barait, yara su ɗaga su ji nauyinsa kafin mu rubuta musu lissafi a allo.