Albasa, Aidin da Idon Ɗalibi: Aikin Gwaji a Darasin Bayoloji



An ce in yi magana kan aikin gwaji a darasin Bayoloji na sakandare, wanda yaranmu ke kira firaktikal. Bari in fara da abin da kowa a zauren nan ya sani. A makarantu da dama ɗakin gwaje-gwaje a kulle yake tun daga aji huɗu har aji shida. Sai WAEC ko NECO ta aiko da jerin abubuwan da za a tanada don jarrabawa, sannan a shiga neman mai mabuɗi, a share ƙura, a tura yara kamun kwaɗo da fara da kyankyaso. Ana fafe gora ranar tafiya ke nan. Yaron da bai taɓa riƙe gilashin ƙara girma ba, ranar ake so ya zana ƙafar fara, ya kuma faɗi aikinta.

Uzurinmu kullum shi ne babu kayan aiki. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Antonie van Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai yi jami'a ba. Da hannunsa ya riƙa haɗa ƙananan gilasai, kuma da su ne a shekarun 1670 ya ga halittu suna yawo cikin ɗigon ruwa. Abin da yake da shi haƙurin dubawa ne da rubuta abin da ya gani, kuma waɗannan biyun su ne muke son dasa wa yaranmu.

Rabin gwaje-gwajen aji huɗu a kasuwa ake sayen kayansu. Ɗiga aidin a kan yankan doya ko dafaffiyar shinkafa, nan take zai koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, alamar akwai sitaci. Murje gyaɗa a kan farar takarda, za ta bar tabon da haske ke ratsawa, wanda ba ya bushewa kamar na ruwa: mai ke nan. A jiƙa wake da masara a cikin auduga, mako guda yara za su ga wake ya ɗago ganyen irinsa sama, masara kuwa ƙwayarta ta zauna a ƙasa.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne gwajin doya. A fere ɗanyar doya, a rarake ta kamar ƙaramin kofi, a zuba ruwan gishiri mai kauri a ciki, a sa alama, a zaunar da ita cikin faranti mai ruwan zalla. Bayan 'yan sa'o'i ruwan cikin kofin zai hau, domin ruwa na ratsa fatar ƙwayoyin halitta daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Malamai da yawa a nan suke tsayawa. To, ta yaya yaro zai tabbatar cewa ba tsiyaya kawai doyar take yi ba? Dole a ajiye kofi na biyu a gefe, na dafaffiyar doya, da gishiri iri ɗaya da ruwa iri ɗaya. Wannan ba zai hau ba, saboda zafi ya kashe ƙwayoyin. Kofin nan na biyu shi ne zuciyar darasin. Yaron da ya saba tambayar "da me muka kwatanta?" ya kama bakin zaren kimiyya, kuma mai tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in zai sha wahala kafin ya ruɗe shi.

Haka gwajin yawu. A haɗa ruwan sitaci da yawu, a ajiye cikin ruwa mai ɗumin jiki, wajen digiri 37, a riƙa ɗiba ana gwadawa da aidin. Shuɗin zai yi ta raguwa har ya ɓace, domin sinadarin da ke cikin yawu yana mayar da sitaci sukari. A tafasa wani yawun a gwada, ba abin da zai canza. Iyayenmu mata masu sa dankali a kunun zaƙi irin wannan sinadarin suke sawa aiki, ko da ba su ba shi suna ba.

Gargaɗi ɗaya kan gwajin sitaci a ganye, inda ake ɗumama ganyen cikin sifirit: kada a ɗora sifirit a kan wuta. Yana tafasa a wajen digiri 78, don haka a kashe wutar, a tsoma kwalbar gwajin cikin ruwan zafi, ya wadatar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ruwan Benedict, idan an ɗumama shi da sukari irin na gulukos, yana iya tsayawa a kore, ko rawaya, ko ya kai jan bulo, gwargwadon yawan sukarin. Yaro zai ga kore ƙuru-ƙuru, ya rubuta jan bulo, saboda haka ya haddace, malam kuma ya ba shi maki. Mun koya masa ƙaryata idonsa. Wannan yaron gobe shi ne zai zauna a ɗakin gwajin asibiti yana duba jinin ɗanka. Ku tuna, likitan sojan Faransa Alphonse Laveran da idonsa ya ga ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani majiyyaci a Aljeriya a 1880, lokacin da manya da yawa ke da wani ra'ayi dabam. Ya rubuta abin da ya gani, daga baya duniya ta yarda.

Zane ma horon ido ne: fensir mai tsini, layi ɗaya tsaf ba inuwa, layukan suna da rula kuma kada su gitta juna, sannan a raba tsawon zane da tsawon abin da aka zana a rubuta ninkin girman.

Madubin ganin ƙananan halittu fa? Ko guda ɗaya ne ya isa a fara. Siririyar fatar cikin albasa da ɗigon aidin, yara su bi layi, kowa ya ga ƙwayoyin halitta a jere. Akwai ma Foldscope, madubin takarda da Manu Prakash da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka, mai ninka girma kusan sau 140.

Roƙona ga shugabannin makarantu: ku sa aikin gwaji a jadawali kowane mako tun zangon farko na aji huɗu, ku kuma bar mabuɗin a hannun malamin darasi. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ware ɗan kuɗin doya da aidin da sifirit. Mu malamai kuma mu ba da maki a kan abin da yaro ya gani ya rubuta, ko da ya saɓa wa littafi, sannan mu zauna da shi a binciko dalili.